Ƙarƙashin Kujerar Direba

Shekara ashirin da biyu ina auren mutumin nan, sha tara daga ciki da motarsa muka yi su. Tsohuwa yake ce mata. Ranar hutu zai fito da bokiti da tsumma ya wanke ta har cikin tayoyi, ni kuwa in famfon kicin ya lalace sai na yi wata ina magana. Ba ya ba kowa tuƙi. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa neman aro zai kai matarsa asibiti, sai ya tashi ya sa takalmi ya kai su da kansa.

A wurin aikinsa na sito ciwon ya kayar da shi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi, rubutu ma ya tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa: "A'a." Ruwa yake so, a'a. Godiya zai yi, a'a. Likita ta ce in ana kawo shi gashin ƙashi sau uku a mako, shekara guda ba fashi, akwai alamar zai taka ƙafarsa, bakin ma ya ɗan saki. Kowane zuwa da kuɗinsa. Ni kuma keken ɗinki gare ni, ba injin buga kuɗi ba. Sai idona ya sauka a kan Tsohuwa.

Babbar 'yarmu ta iya tuƙi, a bayan idon ubanta ta koya. Na ba ta makulli ta kai motar wajen dillalai su yi mata kuɗi. Mota ta tashi lafiya lau, ta fita ƙofa, tana kaiwa kwanar shagon mai kayan masarufi ta yi tari biyu ta mutu. Maƙwabta suka turo ta gida. Washegari haka, jibi haka. Ta tashi, ta yi minti guda, ta mutu a kwanar nan.

Na kira Gajere, bakaniken mijina. Tun da aka sayi motar babu wanda ya taɓa ɗaga murfin injinta sai shi. Abincin da ya ci a gidanmu ba ya ƙirguwa. Yaya yake kiran mijina, ni kuma matar Yaya.

Ya fara shiga falo ya durƙusa gaban kujerar da baban yara yake wuni a kai, har da share ido. Baban yara na ganinsa ya rikice. Ya nuna shi, ya nuna taga inda motar take, ya zura hannun hagu ƙarƙashin kujerarsa yana cewa a'a, a'a.

"Allah sarki, Yaya," in ji Gajere. "Ba ya son a raba shi da ita."

Ya fita ya buɗe inji, ya taɓa nan ya shinshina can, ya daɗe yana girgiza kai. Sannan ya goge hannu ya zo bakin ƙofar ɗakin ɗinkina.

"Matar Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, ta ja famfon mai. Irin nata sai an yi oda."

"Nawa?"

Ya faɗa. Sai da na dafa teburi. Daidai abin da na tara ne a gwangwanin maɓallai, kuɗin gashin wata uku.

"In an gyara fa?"

"In an gyara, za ta yi kuɗin da zai kai ku shekara har da ƙari. Jikinta garau ne, Yaya ya riƙe ta. Amma fa ban rantse miki ba. Tsohuwar mota ce, ki toshe nan, can ya ɓalle."

"In ba a gyara ba?"

"Sai masu sayen ƙarfe. Na san wani mai tsoron Allah."

Kwana uku ina juya maganar nan. Har hannun riga na haɗa a juye, mai rigar ta zo ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta. In na gyara, gashi ya tsaya wata uku, likita kuwa ta ce watannin farko su ne masu amfani. In gyaran bai ci ba, ba mota, ba gwangwani, ba ƙafa. In na sayar a haka, na zubar da kuɗin wata tara da hannuna. Ƙanin mijina ya ce, "Anti, ki rabu da wahala, ki sayar." Shi dama bai manta ranar asibitin nan ba.

'Yata ta ce, "Mama, mu kira wani bakanike ya duba mana."

Na taso mata. "Wane bakanike? Ubanki ko iska bai yarda wani ya sa wa tayar nan ba. Mutumin da ya amince wa shekara sha tara, ni zan kawo baƙo ya duba aikinsa, uban naki yana zaune yana kallo? Ki iya bakinki."

Ta iya bakinta. Ina ma ba ta ji maganata ba.

Shi kuma baban yara bai bar ni na huta ba. Da ya ji ƙarar makulli sai hannu ya tafi ƙarƙashin kujera. Na duƙa na leƙa, ba komai sai silifas ɗinsa. Na share wurin, na juya kujerar, na zazzage katifarta ko ya ɓoye kuɗi. Babu. A rana ta uku na kawo masa abinci, ya ture cokali ya sake zura hannun. Raina ya ɓaci. Na buge hannun, wallahi da ƙarfi na buge shi.

"Ka ishe ni! Mota kake so ko ƙafarka? Kana kwance ma ita ce a ranka? To sayar da ita zan yi, ka yi ta a'a ɗinka har gobe!"

Ya kalle ni, ya janye hannun ya ɗora a cinya. Bai ƙara ba.

Gajere ya zo da mutumin nasa da safe, da wata a-kori-kura da igiya. Mutumin ya zagaya motar yana taɓe baki kamar an ba shi magani mai ɗaci, ya yi tayin da ko gashin wata biyu da rabi bai cika ba. Gajere ya yi ta roƙonsa a gabana, "Haba, ka duba halin da Yaya yake ciki," har ya ƙara ɗan abin da ya ƙara. Ni sakarya har godiya na yi masa. Na sa hannu a takarda. Aka ɗaura igiya, Gajere ya shiga ya riƙe sitiyari, aka ja Tsohuwa ta fita. Na saki labulen falo don kada baban yara ya gani.

Ina komawa ɗaki na tuna akwai makulli na biyu a aljihun rigar aikinsa. Na ce haƙƙin mutane ne, an sayar an sayar. Na ɗauka na bi su da sauri.

Ba su yi nisa ba. Suna shan kwanar shagon suka tsaya, mutumin ya sauko yana kwance igiya yana dariya. Ina daga bayan tulin katan ɗin mai shago, ƙofar motar a buɗe. Gajere ya murɗa makulli, mota ta tashi. Sai ya sunkuya kaɗan, ya zura hannun hagu ƙarƙashin kujerar direba, ya danna wani abu.

Na san hannun nan. Shekara sha tara ina zaune a gefen mijina yana yin haka duk safiya, ina zaton kujera yake gyarawa. Kwana uku kuma yana yi min shi a falo.

Tsohuwa ta hau titi. Na tsaya ina jiran tarin nan biyu. Ta wuce gidan mai, ta wuce fitilar hanya, ta ɓace. Ko tari ɗaya ba ta yi ba.

Na kira shi a waya. "Gajere, mene ne a ƙarƙashin kujera?"

Ya ce, "Matar Yaya, an riga an sa hannu ai." Ya kashe.

Mai shago ne ya yi min bayani, yana kallon ƙasa. Ɗan makunni ne da ake ɓoyewa saboda ɓarayi. In ba ka danna ba, mota ta yi minti guda ta mutu. Mai mota ne kaɗai yake sanin inda yake, sai bakaniken da ya sa.

Na dawo gida da makullin a hannuna. Na ɗaga labule, na tsaya a kansa. Haushinsa nake ji, da na Gajere, da nawa wanda ya fi duka.

"Shekara sha tara," na ce. "Na haifa maka huɗu. Ka gaya wa bakanike, ni ba ka gaya min ba. Ɓarauniya ce ni? Ga shi nan, wanda ka gaya wa ya tafi da ƙafarka."

Ya kalli makullin, ya kalli filin da motar take tsayawa, inda ɗigon baƙin mai ya bar tabo. Hawaye ya zubo ta ɓarin da yake motsi. Ya ɗaga hannun hagun nan da na buge, ya kama bakin zanina.

"A'a," ya ce, a hankali.

Ban san ko haƙuri yake ba ni ba, ko nawa yake karɓa. Bakin da zai faɗa min yana can ƙarshen shekarar gashi, ni kuma da kuɗin motar da na gwangwani wata biyar da rabi nake da shi. Na ajiye makullin a kan teburi, na ɗauko masa silifas. Ƙarfe goma za a kira sunansa a asibiti, kuma yau sai mun tari motar haya.