Mai Tsaya wa Ɗayyabu

Ummusalama ta tare ƙofar ɗakin da jikinta, ta ce ba zan shiga ba. Ni kuwa na riga na cire takalmi.

Na faɗa mata ɗana Ɗayyabu yau kwanansa huɗu a hannun sojoji masu shingen bincike. A hanyar Showak suka sauke shi daga lori yana dawowa daga yankan riɗi, don ba shi da rakam watani, lambar nan ta ɗan ƙasa. Sun ce baƙo ne ya tsallako iyaka. Gobe Alhamis za a kwashe su, ba wanda ya san ina. Ta ce ta ji, duk unguwa ta ji, amma ubanta ko ruwa da cokali ake ba shi.

Uban nata shi ne Jibril Cindo, katanga ɗaya ta raba mu a nan Gadarif. Na'ib muke ce masa, don sau biyu ƙauyukanmu na wajen Gallabat suka zaɓe shi majalisar jiha. Ya yi musu alkawarin tafkin ruwa, shekara takwas ko cebur ba a saka ba, har yau suna riƙe da abin a rai. Abu ɗaya dai ya yi. Kowane mako sai ya cika motarsa da Hausawa, ya kai su ofishin takardu, ya tsaya ya rantse ya san uban kowa da kakansa. Abokansa na majalisa har dariya suke masa, wai na'ibin layi. Da gwamnati ta faɗi aka watsa majalisar, aka karɓe mota, masu cin kisra, wainar nan ta dawa, a tsakar gidansa suka ɓace. Mijina Daudu, Allah ya jiƙansa, kullum sai ya ce bayan girbi zai bi motar, har ya rasu bai bi ba. Bai bar ƙane ko wa da zai shaidi ɗansa ba.

Daga ciki muka ji murya kamar ta cikin rijiya tana tambaya wace ce. Ummusalama ta ce ba kowa. Na ɗaga murya na ce ni ce Ruƙayyatu matar Daudu.

Yana kwance a gadon igiya, ƙafafunsa sun kumbura kamar kabewa. Na durƙusa na faɗa masa a taƙaice. Ban yi kuka ba, ba lokaci.

"Yau wace rana?"

"Laraba, Baba Na'ib."

"Kawo mini jallabiya, Ummu. Farar."

Ta ce likita ya ce in ya motsa zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ya ce likita bai ce za ta ɗauka in ya kwanta ba. Ta juyo ta dube ni. Hala take kirana, wato inna. Ta ce, "Hala, ki ji tsoron Allah." Ina jin tsoronsa. Na fita na kira Elsadig mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku.

Mu uku muka ɗaga shi. Ba nauyi, sai ƙafafun. Duk ramin da raksha ta faɗa sai ya kama ƙarfe ya rufe ido, ni kuma ina jan salati. Ummusalama ta riƙe kansa har muka isa ofishin da ake tsare da su Ɗayyabu.

Jami'in matashi ne, sa'ar Ɗayyabu. Na'ib ya zaro katinsa na majalisa daga aljihu ya ajiye a tebur. Jami'in ya juya shi gaba da baya.

"Ya Hajj, wannan majalisa ai ta mutu."

"Na sani. Da ni aka yi jana'izarta."

Wani soja a bakin ƙofa ya yi dariya. Na'ib ya nemi a ba shi kujera. Sannan ya fara, da Larabci, yana tsayawa yana neman numfashi. Ya ce kakan yaron nan a ƙafa ya iso zai tafi Makka, ya tsaya noman dawa ya tara guzuri, bai ƙarasa ba, kabarinsa na gabas da ƙauyensu. Ya ce uban yaron da shi suka yi kiwon awaki. Ya ce a gabansa aka raɗa wa Ɗayyabu suna. Ya ce a kawo Alƙur'ani. Jami'in ya ce ba shi ke rantsar da mutane ba, babbansu ne, kuma sai Lahadi. Abin da zai iya, ya ba da yaron a hannun mai gida sananne. Ran Lahadi su dawo tare, da yaron da mai tsaya masa. In ba su zo ba, ko ya zo shi kaɗai, za a mai da shi inda aka ɗauko shi.

Na ga Na'ib yana lanƙwasa yatsu a kan cinyarsa. Alhamis, Juma'a, Asabar. Ya tsaya a na huɗu, ya ce ya yarda.

Aka fito da Ɗayyabu ba takalmi, leɓensa a fashe. Shi ya ɗauki Na'ib a hannu zuwa raksha.

Ran Juma'a, ana saukowa daga masallaci, na ji kukan Ummusalama ta kan katanga. Ina tankaɗe. Na ce innalillahi, kuma Allah ya gani, kafin in rufe baki zuciyata ta ce saura kwana biyu. Na nemi gafara. Ta sake faɗa.

Ɗayyabu ya yi haƙan kabari, bai bar wa kowa cebur ba. Da aka kafa rumfar makoki, sai ga manya da motoci, waɗanda shekara biyar ba mu gan su ba. Na ɗauki tiren shayi da kaina na shiga wajen maza, abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa wa uku. Na farko ya ce lokaci ya lalace, kowa sunansa yake tsarewa. Na biyu ya ce bai san Daudu ba, alhali Daudu ya yanke masa riɗi damina bakwai. Na uku ya ce zai aiko, ya shiga mota. Daga ƙauye mutum huɗu suka zo. Suka yi fatiha, ɗayansu ya ce Allah ya yafe masa maganar tafki.

A wajen mata Ummusalama ta ƙi karɓar gaisuwata. A gaban kowa ta ce da an bar shi a gadonsa da ya ga azumi. Ban musa ba. Na koma bayan gida na wanke tukwane har aka kira magariba.

Asabar Ɗayyabu ya ce zai gudu gonaki, can ba mai tambayar takarda. Na ce in ya gudu, sunan mutumin da ya mutu saboda shi za a rubuta a maƙaryaci. Ya zauna bakin randa ya sa kai a gwiwa. Na wanke masa riga, na ƙulla masa busasshen dabino da sabulu a leda, don in sun riƙe shi.

Lahadi da hantsi muna shirin fita, aka buga ƙofa. Ummusalama ce, ta bar tabarmar makoki ranar sadakar uku. Takarda na hannunta a ninke. Ta ce ran Alhamis ubanta ya sa ta rubuta duk abin da ya faɗa a ofis, biro ya ƙi zama a hannunsa, sai ta shafa masa tawada ta danna masa yatsa. Ta ce gidan yanzu nata ne, za ta tsaya, sai dai ba ta da tabbacin za su karɓi mace ko takardar mamaci.

"Ban yafe miki ba, Hala. Shi ya ce in zo."

"To."

Elsadig ya ta da raksha. Ɗayyabu ya matse a gefe da ledarsa. Ummusalama ta zauna tsakaninmu tana kallon hanya, takardar a cinyarta. Gefen farcenta har yanzu da shuɗin tawada, wankin kwana uku bai fitar ba.