Wuƙar Muntaka da Ragon Suna

Muntaka ya ɗaga katifa karo na uku, kamar wuƙar za ta ji kunya ta dawo inda ya ajiye ta. Babu komai a ƙarƙashin sai tsohon katin asibiti da ƙwayar gyaɗa guda.

"Aina'u! Wa ya shiga ɗakin nan?"

Matarsa tana tsakar gida tana ɗaura ɗankwali, za ta gidan suna. "Yaya Sama'ilu ne, da sassafe kana bakin dam. Ya ce jikansa na fari ne, ba za a yi aikin ragonsa da wuƙar da ta gaji da duniya ba."

"Kika ba shi?"

"Ni na ba shi? Ɗauka ya yi. Yayanka ne, in tare ƙofa in ce masa me?"

Muntaka bai tsaya neman takalminsa na biyu ba. Ya haye babur da silifa ɗaya.

Shekararsa arba'in da bakwai, talatin daga ciki a ruwa ya yi su. Shi ne mai nitso na yankin. In guga ta faɗa rijiya shi ne, in saniya ta nutse shi ne, in mutum ne ma, Allah ya kiyaye, shi ɗin ne dai. Kwana uku ke nan injin ban-ruwa na ƙungiyar manoman rani yana tari ba ya ja, domin ciyawa da leda sun toshe rariyar bututun da ke can ƙasan ruwa, gaba uku. Tumatir da albasar gidaje sittin sun fara sunkuyar da kai, har da fadamarsa shi kansa. Aikin minti biyar ne, ba don kada ba. Wani ƙato ne ya tare a daidai bakin bututun tun bayan damina, ya riga ya ci akuya biyu da karen wani bafillace.

Abin da ya sa Muntaka ya yi alkawarin shiga yau bayan azahar, wuƙar ce. Ƙanensa Zaharaddini, da ke aiki da masu nitso a teku can kudu, shi ya kawo masa. A cikin ƙotarta ake zura wata 'yar kwalbar ƙarfe kamar babban yatsa, cike da iska da aka matse. Wani siririn rami ya bi ta tsakiyar ruwan wuƙar har tsini. Ka soki dabba, ka danna maɓalli da babban yatsa, iskar ta afka cikinta gaba ɗaya, ta kumbura ta taso sama kafin ta juyo kanka. Kwalba biyu Zaharaddini ya kawo. Ɗaya suka gwada a kan kankana a ƙofar gida, har yau akwai jan tabo a bangon masallaci. Yaya Sama'ilu yana wurin ranar, ya fi kowa dariya. Saura ɗaya, sai kuma in Zaharaddini ya zo Sallah.

Ya ratsa gonakin da aka sare wa kara, ya wuce rumbuna, ya kusa bankaɗe wata tsohuwa mai ɗauke da fura. Tun daga nesa ya hango tabarmi da fararen riguna a ƙofar gidan yayansa. An riga an raɗa suna, liman ya yanka ragon da wuƙarsa ta kullum, har zuciyar Muntaka ta fara kwanciya. Sai ya ga taron da ke gindin darbejiya.

Badaru mahauci ne a tsugune. Tsoho ne, asma ta cinye masa ƙirji. Kowa ya san yadda ake yi kafin fiɗa, a tsaga fatar ƙafar baya, a sa baki a yi ta hurawa har rago ya kumbura, fata ta rabu da nama. Shekara biyu ke nan Badaru in ya hura rago ɗaya sai ya zauna ya yi rabin sa'a yana neman ransa. Yanzu ga shi ya zura tsinin wuƙar Muntaka a tsagar ƙafar, Yaya Sama'ilu na tsaye a kansa yana nuna masa da baki.

"Nan, nan, ɗan maɓallin nan. Danna da bismilla."

"Kar ka danna!" in ji Muntaka, yana kan babur tukuna.

Fuuuf.

Ragon ya tashi kamar an kira sunansa. Ƙafafu huɗu suka miƙe sama, ciki ya yi tim kamar ganga, wani farin sanyi ya fito ta tsagar. Aka ɓarke da kabbara da shewa. Badaru ya bubbuga cikin da bayan hannu, ya ja wuƙarsa ta fawa sau ɗaya, fatar ta zame kamar an tuɓe wa yaro riga.

"Allahu akbar!" Idon Badaru har da ƙwalla. "Shekara arba'in ina ba raguna numfashina. Ashe nasara ya daɗe da tausaya mini ban sani ba. Muntaka, Allah ya yi maka albarka. Akwai akuyar 'yan biki can, bari mu yi mata ita ma."

Ya danna. Ya sake dannawa. Wuƙar ta yi ɗan tsaki ta yi shiru.

"Ta ƙare," in ji Muntaka. Muryarsa ta fito siririya. "Sau ɗaya take yi."

"Kai, kayan zamani," in ji Yaya Sama'ilu, yana gyara babbar riga. "Ba su da ƙarko."

Akwai maganganu da yawa da suka taru a maƙogwaron Muntaka, wasu tun na ƙuruciya. Keken da Yaya ya ɗauka ya kai Ɗanbatta ya dawo da shi ba sarƙa. Rediyo. Tocila uku. Amma ga liman a zaune, ga surukai sun zo tun daga Dawanau, kuma mutumin da ya goya ka a baya ba ka ɗaga masa murya a gaban surukansa, ko da ka fara furfura. Sai ya matsa kusa, ya rage murya.

"Yaya, da wannan iskar zan shiga wurin kada yau."

"To ai ga wuƙarka nan, ko kaifinta ba a taɓa ba."

"Ba kaifin ba ne, Yaya. Iskar ce."

"Iska dai?" Yaya Sama'ilu ya dubi sama, ya dubi ganyen darbejiya da ke kaɗawa. "Iska ce za ta yi mana wuya a garin nan? Je ka wurin mai faci ya ɗura maka. Kuma ka sa takalmi, muna da baƙi."

Muntaka ya karɓi wuƙarsa, ya goge maiƙon a gefen wando. Bai ci waina ba. Wannan ne iyakar tawayen da ya samu yi, kuma babu wanda ya lura.

Kafin azahar labari ya riga shi zuwa bakin dam. Mutum ya fi ɗari a kan tudun, har da masu sayar da rake. Alhaji Kallamu, shugaban ƙungiyar manoma, ya tarye shi da hannu biyu.

"Mun ji, mun ji! An ce rago sai da ya kusa tashi sama. Yau kada ya shiga uku."

"Alhaji, wuƙar ba komai a cikinta. An busa wa rago."

"Haba Muntaka, mutum nawa suka gani da idonsu tana aiki?"

"Shi ya sa ba za ta sake yi ba."

Alhaji Kallamu ya yi dariyar da ake yi wa mai tawali'u, sannan ya ga fuskar Muntaka, dariyar ta tsaya. Ya juya ya kalli fadamun. Ganyen tumatir ya naɗe, ƙasa ta tsage. "To ya za mu yi? Gobe in rana ta yi irin ta yau, sai dai mu kaɗa shanu su cinye."

Muntaka ya dubi ruwan. Can kusa da bututun, wasu ƙulluka biyu suna shawagi kamar guntun itace, sai dai itace ba ya kallon mutum. Yana iya cewa ya fasa, ba wanda zai kama shi. Sai dai fadamarsa tana cikin sittin ɗin, kuma shekara talatin bai taɓa cewa zai shiga ya ƙi shiga ba.

"Ku jira ni," ya ce.

A gidan suna maza sun shiga cin tuwo a zaure. Ragon yana bayan gida, an baje shi a kan tsinke biyu an jingina gefen wuta, yana ɗigar kitse, sai gobe a sauke a raba wa dangi kamar yadda aka saba. Muntaka ya cire shi da tsinkensa, ya ɗora a bayan babur, ya ɗaure da roba. Wata gwaggo ta fito da ƙwarya ta gan shi, ta saki salati.

"Muntaka! Ragon mai jego! Ina za ka kai shi?"

"Iskata ce a ciki, Gwaggo. Bin ta nake yi."

Ya sa masunta biyu suka ɗauki ragon a kwale-kwale zuwa ɗaya gefen, wajen duwatsu, suka ɗaure shi da igiya a kututture suka sake shi a ruwa. Maiƙo ya bazu a saman ruwan. Aka yi ta jira. Daga bisani ƙullukan nan biyu suka juya a hankali, suka nufi duwatsu, ruwa na tsagewa a bayansu.

A lokacin ne Yaya Sama'ilu ya iso, hula a hannu, tuwo bai gama bushewa a yatsunsa ba. "Muntaka! Kai Muntaka! A gaban surukaina? Wane irin rashin ta-ido ne wannan?"

Muntaka ya riga ya tuɓe riga. Ya ji ƙarar ruwa ta tashi can wajen duwatsu, ya ja numfashi, ya shige.

Ƙasan duhu ne, kore-kore. Ya bi bututun da hannu har rariyar, ya shiga yankar ciyawa da wuƙar, yana fizgo leda, buhun taki, wani tsohon gidan sauro. Duk abin da ya taɓa masa ƙafa sai ya ɗauka kadan ne. Rago loma nawa ne a bakin kada? Loma uku? Huɗu? Ya taso ya shaƙi iska, bai yarda ya kalli duwatsu ba, ya koma. A karo na uku ya ji rariyar ta fara tsotsar tafin hannunsa. Ya dunguri bututun da ƙafa ya yi sama.

Injin ya yi tari biyu ya kama. Ruwa ya tunkuɗo cikin kwata, jama'a suka watse da gudu kowa ya nufi fadamarsa da fartanya. Wani yana ihu yana cewa wuƙar ta yi aiki. Yaya Sama'ilu yana gaba-gaba, babbar riga a naɗe a kafaɗa, don albasarsa ce ta farko a layin.

Muntaka ya zauna a kan laka. Can wajen duwatsu igiyar tana lilo, ba komai a bakinta. Ya ɗauki rigarsa, yana ta juya ta ya kasa gane wuyanta.

Wani ya tsuguna kusa da shi yana huci. Badaru ne, ya biyo sawu a ƙasa tun daga gari.

"Sannu, Muntaka. Sannu da ƙoƙari." Ya jira numfashinsa ya dawo. "Na ce ba, 'yan kwalaben nan. In Zaharaddini zai zo, ka ce ya taho da kamar ashirin. Ka ga layya ta matso."

Muntaka ya sake juya rigar.

"Zan gaya masa, Baba Badaru. In sun zo, ni zan riƙa yin fiɗar. Kai ka riƙa shiga ruwan."

Badaru ya kalli dam ɗin, ya kalli igiyar. Sannan ya miƙa hannu ya juya masa rigar, ya nuna masa inda wuyan yake.