Kakakin Gidan Rabo

Haƙorin Rabo na gaba ya fita ne a cikin tuwo. Ba faɗa aka yi ba, ba jaki ne ya kayar da shi ba. Tuwon gero ne mai laushi wanda ko jinjiri zai haɗiye, sai ga haƙori a cikin loma. Ya tofa shi a tafin hannu, ya dube shi, ya jefa a aljihu kafin matarsa Barira ta juyo. Ɗan'uwan haƙorin ya riga ya tafi tun bara. Da ɗaya ana iya dabara, a karkata baki. Da babu ko ɗaya leɓe ya rasa majingini, mai busa kakaki kuwa in leɓensa ya rasa majingini aikinsa ya ƙare.

Rabo shi ne mai kakakin Sarki Hamidu na Tudun Marke, wani gari tsakanin Tibiri da Gidan Rumji. In za a faɗi gaskiya garin bai kai ya yi kakaki ba, amma kakan sarkin ya samo shi kyauta bayan wani yaƙi, ya danƙa wa kakan Rabo, kuma tun daga ranar nan kakakin bai taɓa kwana a wani gida ba. Na tagulla ne, gaɓa uku, in an haɗa shi ya ɗara dogon mutum tsawo. Rabo yakan goge shi da tsamiya da toka, ya kwance, ya mai da shi cikin jakar saƙi da uwarsa ta ɗinka.

Murya biyu gare shi, ta ƙasa da ta sama, kuma da su yake magana. Kowace Alhamis bayan la'asar Rabo yakan tsaya a ƙofar fada, ya cika kumatu, ya kira: "Hamidu na Giɗaɗo, fito, gari na jira." Babu wanda ba ya jin kalmomin nan a cikin busar, har baƙon da ya zo cin kasuwa. Sarkin ya tsufa, idonsa ya yi hazo, amma al'adar tana nan yadda ya gada: ba ya ƙetare dokin ƙofar zaure ranar Alhamis sai kakaki ya kira shi da sunansa da na ubansa.

Rabo ya aika fada cewa mura ta kama shi. Alhamis ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta, sarki bai fito ba. Sai dogari ya zo da saƙo. Ana ta shirin bikin 'yancin kai, Faransawa za su sauke tutarsu, gari ba zai zauna shiru ba. In Rabo ya warke, madalla. In bai warke ba, ya kawo ɗansa ya busa Alhamis mai zuwa. In ɗan ma bai iya ba, a mai do da kakakin fada.

Da dogarin ya fita Barira ta ce, "Malam, murar taka na gan ta cikin aljihu da nike wanki."

Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba.

Ɗan nasu, Mudi, a farkon damanar nan ya dawo. Yana saurayi Faransawa suka ɗauke shi soja, lokacin da ya fara koyon kakaki ke nan. Da suka ji ɗan masu busa ne suka ba shi ƙahon soja, ya yi ta tashin mutane daga barci a barikokin da uwarsa ba ta iya faɗin sunansu. Daga baya suka ƙara masa wani ƙaho gajere mai maɓallai uku da ake dannawa da yatsu. Da shi ya dawo, cikin akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle, wanda ya fi tabarmar da ubansa ke kwana a kai kyau nesa ba kusa ba.

Ba a busa kakaki a cikin gari don koyo, domin duk wanda ya ji zai bar abin da yake yi ya nufi fada. Saboda haka suka shiga can tsakiyar gonar gero, suka cusa tsumma a bakin kakakin. Rabo ya haɗa gaɓoɓin ya miƙa masa.

Mudi ya tsaya ƙyam, ƙafafu a haɗe, ya ja leɓensa ya matse, ya busa. Sauti ya fito siriri, mai kaifi, tsaf-tsaf.

"Ina kumatunka?" in ji Rabo. "Cika su. Iska ta zamna nan tukuna, sa'an nan ka sako ta."

"Baba, ba su cika." Ya taɓa gefen fuskarsa. "Sarjan namu da sanda shike tsayawa. Ka kumbura kunci, ya ba ka. Ya ce iska daga ciki taka hitowa, halshe shi yanka ta. Har na manta yadda aka yi."

"To tuna."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Kullum da sassafe suna cikin gero, raɓa tana jiƙa musu wando. In ya cika kumatu sautin ya watse. In ya matse leɓe sautin ya yi kyau, amma harshensa sai ya daddatsa maganar, ta-ta-ta, ya fitar da kowace gaɓa ita kaɗai. Rabo kuwa ya san sunan sarki ba a yanka shi, ja ake yi, muryar ƙasa ta hau ta sama a hankali kamar mai kiran wanda yake jin nauyinsa. Zai iya faɗin wannan da baki, amma ba shi da bakin da zai nuna.

Wata safiya da suka gaji Mudi ya ce, "Baba, tsaya ka ji wani abu. Kakakin ga ya hi murya biyu."

Ya zare tsumman, ya ƙara matse leɓe. Kakakin ya ba da muryar ƙasa, ya ba da ta sama, sai ya haye wata, ya sake hayewa, ya kai wani wuri can sama inda Rabo bai taɓa sanin akwai hanya ba. Tsigar jikin tsohon ta tashi. Tun yana yaro yake rungume da wannan tagulla, ubansa ma haka, ashe akwai muryoyi kwance a ciki da ba wanda ya taɓa tashinsu. Ya ji alfahari da yaron, ya kuma ji tsoro, tsoron ya fi yawa.

"Mai da tsumman," ya ce. "Kuma kada ka kai wanga ƙohar hwada."

Ranar Alhamis ƙofar fada ta cika. Labari ya bazu cewa tsohon soja ne zai busa, sai ga samarin jam'iyya da hulunansu, ga yaran lakol 'yan boko, ga tsofaffi zaune a gindin bango inda suka saba. Rabo ya tsaya bayan ɗansa, bakinsa a rufe.

Mudi ya ɗaga kakakin ya kira. Muryoyin daidai suke, ƙasa inda ake ƙasa, sama inda ake sama. Aka jira. Labulen zaure bai motsa ba. Ya sake kira, a yanke, a tsaftace. Shiru. Mudi ya ruɗe. Mutum in ya ruɗe abin da ya fi iyawa yake komawa, shi kuwa abin da ya fi iyawa ba a gonar gero ya koye shi ba. Ya haɗe ƙafafu, ya matse leɓe, ya saki kakakin sama da sauri, murya bisa murya.

Samari suka ɗauki tafi da sowa. Rabo bai dube su ba, gindin bango yake kallo. Tsofaffin nan sun fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna laluben takalma, wani ma ya bar nasa. Su sun san wannan sautin. A zamaninsu in aka ji shi a bakin gari, kumandan na Faransawa ne ya zo da gardawansa, 'yan sandansa, ɗibar mutane aikin hanya, kuma ba duk wanda aka ɗiba ke dawowa ba.

Dogari ya leƙo daga zaure, fuskarsa a firgice. "Sarki na tambaya, Nasara na yaz zo?"

Dariya ta ɓarke a cikin samari. Rabo ya fizge kakakin daga hannun ɗansa. Ya cika kumatu yadda ya saba, ya ɗora leɓe, ya tura da duk ƙarfin da ya rage masa. Iska ce kawai ta fito, fuuu, ta tsere ta giɓin. Ya sake, bakin tagullar ya datse masa dasashi, jini ya gangaro gemunsa. Yanzu kowa ya ga murar. Dariyar ta mutu.

Sai labule ya ɗaga. Sarki Hamidu ya fito, dogari riƙe da hannunsa, ya ƙetare dokin ƙofa ba wanda ya kira shi. Tausayi ne ya fito da shi, kuma Rabo ya gwammace a zage shi.

"Rabo," in ji sarki, yana duban inda yake zaton yana tsaye. "Ka gaji."

"Ranka shi daɗe, yaron bai daɗe da dawowa ba. In an ƙara mai lokaci..."

"Na ji shi. Ya iya busa, ban taɓa jin irinta ba. Amma ban ji sunana ba, ban ji na ubana ba." Ya juya wajen dogari. "A shiga da kakakin ciki."

Dogari ya karɓi kakakin a haɗe, bai ma san ana kwance shi ba, ya yi ta bugun bango da shi kafin ya shige zaure. Aka bar Rabo da jaka a kafaɗa. A hanyar gida Mudi ya bi shi a baya yana cewa, "Baba, ka gafarta mini." Rabo ya ce, "Ba kai ka ba kanka sanda ba."

Ranar biki samarin jam'iyya suka zo tun da hantsi suka tafi da Mudi da akwatinsa, domin ana son wanda zai busa wa sabuwar tuta a filin lakol. Rabo ya ce jikinsa ba daɗi. Ya zauna a tsakar gida, jakar tana kan cinyarsa, Barira tana tsince wake a gefe.

Can sai busar ta taso, ta ratso kan danni, mai tsafta, mai daɗi, tana hawa tana sauka ba tuntuɓe. Gari ya ɗauki guɗa. Rabo ya karkata kunne, yana laluben suna a ciki, ko na wane ne. Bai sani ba kumatunsa suka cika da kansu, suka tsaya a kumbure har busar ta ƙare.

Barira ta ce, "Mi shike cewa?"

Ya saki iskar a hankali ta giɓin haƙoransa.

"Ba shi cewa komi. Amma ya iya." Ya ninke jakar, ya miƙa mata. "Karɓi ki zuba irin wake."