Benen Kawun Angus

A ajinmu na ƙarshe a jami'a, nan Perth, babu wanda bai san Angus Pettifer yana da kawu ba. Ko gaisuwa ka yi masa sai kawun ya shigo zancen. Kawun nan, Rowan Ashcombe, mai zanen gine-gine ne. Shi ya zana wani dogon benen ofisoshi a tsakiyar gari, gilashi tun daga ƙasa har sama, har aka ba shi lambar yabo. Don haka da aka ce kowa ya zaɓi ginin da zai yi nazarin kammala karatu a kansa, babu wanda ya ɓata bakinsa wajen tambayar Angus.

Ni wani tsohon ofishi mai hawa huɗu na ɗauka. Na sha hawa rufi, na sha rarrafe a bayan bututun iska, kullum in dawo aji buɗu-buɗu. Sai in tarar da Angus cikin farar riga, ya ɗora ƙafa kan tebur yana kurɓar kofi.

"Narelle, sannu da aikin lebura," in ji shi. "Yau ma kin je gaida ɓeraye?"

"Kai yaushe za ka je naka ginin?"

"In je in yi me? Zanen yana hannuna, mai zanen kuma tare muke gasa nama duk Lahadi."

Abin da ya rubuta kuwa, yabo ne zalla. Wai kawunsa ya karkata benen yadda iskar teku mai tasowa da rana za ta ratsa shi, ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki sai jefi-jefi. Kwamfuta ta zana masa kibiyoyi shuɗaye suna shiga ta nan suna fita ta can. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana kibiyoyin kamar shi ya halicci iskar.

Malamar da ke duba aikinmu, Dakta Vlahos, mace ce marar yawan magana. Ta karanta nasa, ta ce masa, "Angus, gini mai kyau haka, ai bai kamata mu yi zancensa daga nesa ba. Na nemi izini, a can za ka gabatar da aikinka." Ya fito yana washe baki, ya ce an karrama shi.

Aka ba mu ɗakin taro a hawa na sama, ɓangaren yamma, bayan cin abincin rana, ga watan Nuwamba, farkon bazara a nan, ya fara zafi. Tun daga bakin lif muka ga abin da kwamfutarsa ba ta zana ba. Ma'aikata sun lilliƙa kwalaye a jikin gilashin. Kowane tebur da 'yar fankarsa. Wata mata ta kafa laima a kan kujerarta tana aiki a ƙarƙashi. A gabanmu kuma ga wani sabon otal da aka gina daga baya, ya tare iskar tekun kaf.

Angus ya zo da baƙar kwat. Ya tsaya ya ba gilashi baya, ya fara: "Wannan gini yana numfashi da kansa." Kafin ya kai shafi na uku wuyan rigarsa ya jiƙe. Gumi ya gangaro masa daga hanci ya ɗiga a takarda. Bai fasa ba.

"Kamar yadda kuke ji a jikinku," in ji shi, "iska tana..."

"Wace iskar?" wani ɗan ajinmu ya tambaya daga baya, yana fifita da littafi.

Dakta Vlahos ta ce, "Buɗe mana tagar da ka ce iskar ke shigowa ta cikinta."

Ya juya ya kama mariƙin. Ya ja, ya tura, ya sa kafaɗa, fuskarsa ta yi jajawur. Ashe tun shekarar da aka buɗe ginin aka ɗaure tagogin da kusoshi saboda ƙarar titi.

"To ai wannan ba laifin zane ba ne," ya ce yana haki. "Mutanen ciki ne ba su iya zama a gini ba."

Dariyar da muka yi har ma'aikatan ofishin suka leƙo. Dakta Vlahos kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ya sake aikin daga farko, ya shafe bazarar nan a hawan yana auna zafi da kansa, sannan ya dawo.

Mu muka karɓi shaidarmu, shi sai da ya ƙara zango guda. Na ɗauka abin zai rage masa girman kai. Bara na haɗu da shi a wani taron injiniyoyi, an kira shi ya yi wa ɗalibai jawabi. Ya riƙe makirufo ya ce, "Shawarata gare ku, kada ku yarda da takarda. Ku shiga ginin da ƙafarku. Ni a ajinmu, ni kaɗai na dage sai da aka yi jarrabawata a cikin ginin da na nazarta."

Ɗaliban suka tafa masa, wasu har suna rubutawa.