Ruwan da Akawu Yake Nema

"Buɗe bakin mana, Baba. Ba kai ka ce ruwa ba?"

Matar ɗan Akawu ce take cusa wa tsohon cokali tsakanin haƙora, ruwan yana bin gefen bakinsa da ya karkace yana jiƙa matashi. Ya ƙware, ya yi tari har idanunsa suka kaɗa. Da numfashi ya dawo sai ya sake cewa, "Ruwa."

"Kofi na huɗu ke nan," in ji ta. "Kuma ni ce mai wankin zanin gado."

Mai Agogo yana tsaye bakin ƙofa. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsa da Akawu. Yau kwana tara da ɓarin jikin maƙwabcin nasa ya shanye, magana ta gudu ta bar masa kalma ɗaya tak. Su mutanen gidan bakinsa suke kallo. Mai Agogo kuwa idonsa ya bi, ya ga inda yake zuwa: kan kabad, wajen akwatin katako.

Tsofaffin alƙaluma ne a ciki, masu shan tawada, wasunsu sun girmi mai su. Tun yana aikin ofis yake tara su, ɗaya daga gwanjo, ɗaya daga hannun magada. In bakin wani ya lanƙwashe, Mai Agogo ne mai gyara. Duk Asabar Akawu yakan zauna da kwanon ruwa ya ɗauraye waɗanda ya yi rubutu da su, don tawada in ta bushe a ciki ta kashe alƙalami. Ran Juma'a ya faɗi, shida daga ciki cike da tawada.

Mai Agogo ya ja ɗan Akawu gefe. Manaja ake ce masa, ko da yake ba a taɓa ganin abin da ya riƙe ya tsaya ba.

"Ɗana, ba ƙishi yake ji ba. Alƙalumansa yake so a wanke. Ba ni akwatin, a gabansa zan yi, a gabanka."

Manaja ya dube shi sama da ƙasa ya yi 'yar dariya. "Baba Mai Agogo ke nan. Mutum bai mutu ba har an fara rabon gado?"

"Haba, ni?"

"Uwarmu ta mutu tana jiran ya kalle ta yadda yake kallon waɗannan itatuwan. Ina taɓa ɗaya ina ƙarami ya fasa min baki. Yanzu kuma kai."

Ya sauko da akwatin, ya zaro wani baƙi mai bakin zinariya, ya danna shi da ƙarfi a bayan kwalin magani, a gaban uban. Bakin ya rabe biyu. "Ka gani? Ko biro ya fi shi." Akawu ya yi wani sauti daga maƙogwaro, hannunsa mai rai yana yaƙushin zani.

Zuciyar Mai Agogo ta yi baƙi ƙirin, ga kunya kamar ya nutse. A shekarunsa a ce masa ɓarawo? Ya juya ya fita. A tsakar gida ya tarar da matar tana shanya, ya ce mata a gajarce, "'Yata, don Allah ki wanke masa alƙaluman nan." Bai ƙara ko kalma ba, fushi bai bar shi ba.

Washegari da hantsi ya kasa zama a teburin gyaransa, ya koma. Ƙamshin garin sabulu ya fara tarar sa. Kafin ya kai ƙofar ɗakin matar ta riga shi shiga da faranti a hannu.

"Ga su nan, Baba, sai ka bar ni in huta. Tafasa su na yi, har sau biyu."

Mai Agogo ya leƙa farantin. Ruwan sanyi ake sa wa tsohon alƙalami, shi ya san haka kamar sunansa, kuma shi ne bai faɗa ba. Baƙaƙen sun koɗe sun koma kalar ƙasa. Masu ƙyalli sun lanƙwashe kamar busasshen barkono, murafunsu sun ƙi komawa. Ta kai farantin har gaban hancin tsohon don ya gani da kyau.

Akawu ya gani. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Sannan ya ɗago ya kalli Mai Agogo, kallon da ya daɗe, ya rufe ido.

Aka jira kalmar tasa. Ba ta zo ba.

"To, ashe gaskiyarka ce," in ji Manaja, yana dafa kafaɗar Mai Agogo. "Ka ga hankalinsa ya kwanta. Mun gode, Baba."

Mai Agogo bai gyara masa zancen ba. Wallahi ya so, bakin ne ya ƙi.

Kafin la'asar Akawu ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zuwa suna yabon Manaja da matarsa kan yadda suka yi jinya. Da aka watse Mai Agogo ya shiga ɗauko butarsa da aka ara. Matar tana tsugune gindin famfo tana dirzar tukunya da soso. Cikin tukunyar ya rine shuɗi da tawadar alƙaluman, ta ɗauraye ta duba, ta ƙara sabulu ta ci gaba da dirza.