Kafin a Sare Rake

Rake ya kwanta tuli-tuli a bakin fadamar Likoro, rana na dukansa, ƙudan zuma na shawagi a kai. Khairiyya na tsaye da takarda a hannu, sai murmushi take yi.

Yarinyar nan ɗalibar aikin gona ce a kwaleji, ta kai shekarar da ake tura su koyon aiki. Wani kamfanin sarrafa amfanin gona a Zariya zai ɗauki mutum biyu kacal, masu nema kuwa ashirin ne. Shugabar sashen ɗaukar ma'aikata a kamfanin, Madam Veronica, ta ce ita ba jarrabawa za ta yi ba: kowa ya je ya jagoranci wani aiki na gaske, ya dawo ranar Juma'a ta sama ya faɗa mata yadda aka yi. Ana cikin haka mahaifin Khairiyya, Malam Lado, ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, ga rake ya isa sara, da shi kuma ake yin mazarƙwailar da gidan ke dogara da ita. Khairiyya ta ce a bar mata.

Kuma fa ta tsara, ba laifi. Da rula ta ja layukanta: Asabar sara, Lahadi da Litinin matsa da dafuwa, Laraba kasuwar Makarfi. Ta ɗauko 'yan ƙwadago, kafin la'asar rabin gona ya kwanta.

Sai ga Gwaggo Lantana, yayar mahaifinta, wadda ta shekara talatin a bakin kaskon mazarƙwaila.

"Sannu da aiki, Injiniya. Duk wannan na yau ne?"

"Duk na yau ne, Gwaggo. Har mun wuce abin da na rubuta."

"Madalla. Inuwa mai inji fa, yaushe ya ce zai zo?"

"Ai gobe na rubuta shi."

"Kin rubuta shi. Shi ya san an rubuta shi?"

Allah sarki! Nan take Khairiyya ta kira shi a waya. Inuwa ya ce yana Kudan, gonaki uku na jiransa, ko da kuka za ta yi sai Laraba.

To, rake ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Da an sare shi, ya fara lalacewa ke nan. Suka lulluɓe shi da ganye, suka yi ta yayyafa ruwa, amma kwana huɗu a zafin nan ba wasa ba ne. Ran da aka matsa, ruwan ya yi tsami. Gwaggo ta yi iya dabararta a bakin wuta, duk da haka fiye da rabi ya ƙi daskarewa, kasuwar ma ta wuce su. Malam Lado daga kan tabarmarsa bai ce komai ba sai, "Allah ya mayar da alheri, uwata." Wannan ya fi faɗa ciwo. Khairiyya ta zaga bayan ɗaki ta sha kukanta.

Washegari Gwaggo ta zaunar da ita a gindin mangwaro.

"Share fuskar nan, sauran rabin gona na tsaye. Juya takardarki. Daga ina kika fara wancan karon?"

"Daga sara."

"Ni daga kasuwa nake farawa, in dawo da baya. Laraba ana Makarfi. Don haka Talata an gama dafuwa. Don haka Litinin inji na nan. Kira Inuwa yanzu, ina ji. Wanda duk bai ce miki 'to' da bakinsa ba, kar alƙalaminki ya taɓa sunansa. Kuma ki tambaye shi abin da injinsa ke iya ci a wuni, iyakar abin da za a sara ke nan."

Haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya: mai inji, mai itace, mai mota, masu sara huɗu. Mai motar ya yi ta wani "in Allah ya yarda" a sanyaye, Gwaggo ta ce a nemi na biyu a ajiye.

Ranar Juma'a Khairiyya ta shiga ofis ta miƙa takardar, gaba da baya, ba ta ɓoye komai ba. Madam Veronica ta karanta a tsanake, ta cire tabarau.

"Tun safe nake jin labarin ayyukan da ba su taɓa samun matsala ba. Ke kin ɓata rabin gonar babanki?"

"Rubu'i ne da ɗan wani abu, Madam. Ni na ɓata."

"Wannan na bayan fa, wa ya koya miki?"

"Gwaggona. Ban san da me zan saka mata ba."

Madam ta yi 'yar dariya. "To, ki zo Litinin ki fara."

Abin da Khairiyya ta yi wata uku tana roƙon Allah ke nan. Ta sunkuyar da kai.

"Madam, ki yi haƙuri, Litinin inji zai zo. Sai dai Alhamis."

"Kin san akwai waɗanda ko yau na ce su fara za su fara?"

"Na sani. Amma mutum bakwai sun ba ni bakinsu, ni ma na ba su nawa. In na ce miki Litinin, ko ke ko su akwai wanda zan yi wa ƙarya."

Madam ta daɗe tana duban kalandar bango. Can ta ɗauki biro ta yi rubutu.

"Alhamis, ƙarfe takwas. Ki taho min da mazarƙwaila ɗaya. Wadda ta daskare fa."

Khairiyya ta durƙusa tana godiya, ta yi ta farko, ta yi ta biyu, tana shirin ta uku Madam ta ce ta tashi haka nan, kar motar Kudan ta cika ta bar ta.