Shaida ta Biyu Kafin Ruwa

Bayan an sauko daga Juma'a muryar Baffa Taha ta shigo wayar Turki daga Bur Sudan, can ƙetaren teku, iska tana yanke ta.

"Turki, hadarin da ya bar mu ya hau teku, wajenku ya nufa. Tun ina yaro ban ga irinsa ba. Ku fitar da mutane daga kwari."

Turki ne ke riƙe da zauren Hadari a waya, inda Hausawan Bur Sudan da Jidda da Makka da Tabuk har ƙasar Urdun suke sanar da juna halin da sama ke ciki. Yawancinsu direbobi ne. Na arewa su faɗi inda dusar ƙanƙara ta toshe hanya, na bakin teku su faɗi ruwa. Bara wani ya yi shelar ƙanƙara a iyakar Urdun, motoci suka kwana a tsaye, tumatir ya ruɓe, kuma ba abin da ya sauka. Tun ranar aka kafa ƙa'ida: gargaɗi ba ya fita sai mutum biyu sun gani da idonsu. Turki da kansa ya sa kowa ya rantse a kai.

Ya nemi sauran mutanen Bur Sudan, duk layinsu a katse. Ya kira Idris, ɗan zauren da ke Jidda, sai ya ce yau yana Madina. Ya leƙa ta taga. Sararin unguwarsu ta Ka'akiyya a Makka fes yake.

Ƙanwarsa Tahani kuwa tana cikin kwari a bayan gari, ita da mijinta Hudaifa da yara da wasu gidajen 'yan zauren, sun fita gasa nama saboda sanyin da aka samu. Ruwa ba sai ya sauka a kansu ba. In ya zuba a duwatsu, ambaliya za ta same su ana rana.

Ya kira ta.

"Tahani, kwashi yara ku hau tudu."

"Yaya, rana ce ƙwal a nan. Ga Hudaifa."

Hudaifa ya karɓa yana tauna. "Ya Turki, marhaba! Wa ya gani?"

"Baffa Taha."

"Ɗaya ke nan. Na biyun fa?"

Turki ya sake leƙa taga, Hudaifa ya ci gaba.

"Wallahi kai ka sa na ɗaga hannu na rantse. Yanzu don tsoho ya ga gajimare sai in bar rago a kan wuta? Kawo na biyu, yalla, maza mu tashi."

Hudaifa ya kashe. Turki ya zauna da wayar a hannu. Zai iya cewa Idris ya gani, Hudaifa ba zai bincika ba. Amma ranar da aka gano, ba wanda zai ƙara tsayar da mota don muryarsa, kuma akwai hunturu masu zuwa, da direbobin da ba su san hanyar Tabuk ba.

Matarsa Nasiha tana tsaye bakin ƙofa, ta ji komai.

"Baban Manar, ƙanwarka ka kira a ɓoye. Matan sauran fa? Su ba su da yayye ne?"

"Na yi rantsuwa, Nasiha."

"Ka ce mutum biyu. Ka ce maza biyu?"

"A'a."

Ta ja mayafi ta haye rufin gida. Ya ji takunta a kan matakala, ya ji shiru, ya ji ta sauko da sauri. Ta fizge wayar, ta danna, ta yi magana cikin zauren gaba ɗaya.

"Ni ce Nasiha, matar Turki, daga Ka'akiyya. Baffa Taha ya gani, ni ce ta biyu. Duk wanda ke kwari ya fita yanzu."

Saƙonni suka fara zubowa. Wani ya tambaya tun yaushe mata suka shiga zaure. Can sai ga muryar Tahani tana haki, bayanta Hudaifa yana zagin garwashi da ya ƙone shi, ana rufe ƙofofin mota.

Turki ya hau rufin da kansa. Yamma akwai duhu-duhu siriri a bayan duwatsu. Zai iya zama hadari, zai iya zama hayaƙin gari. Ya daɗe yana kallo bai iya rarrabewa ba.

Nasiha ta zo ta tsaya gefensa.

"Tsakaninki da Allah, me kika gani?"

"Abin da kake gani."

"Wannan ai bai isa shaida ba."

"Tahani ta hau tudu?"

"Ta hau."

"To ka tsaya nan ka jira shi, ni zan kwashe shanya."